Na biya dala 45 aka zaga da ni Washington a kan yaƙin Biyetnam, ga yadda ta kaya

Na je wurin yayana a Maryland na sati uku, shi kullum yana wurin aiki ni kuma zaman gida ya ishe ni, shi ne na shiga intanet na ga wani ƙaramin kamfani da suke zagayawa da mutane a ƙafa cikin Washington, wai awa biyu da rabi, suna ba da labarin yaƙin Biyetnam da yadda ya hargitsa siyasar Amurka. Dala 45 mutum ɗaya. Don Allah kar wanda ya canza min shi zuwa naira, ni ma da na yi lissafin sai da na riƙe kai. Yaya ma cewa ya yi kai wurin nan fa kyauta ake shiga, me za ka biya? Kuma gaskiyarsa ne, bangon tunawa da sojojin ba ƙofa ba tikiti, dare da rana a buɗe yake. Bakin jagoran kake saya, ba wurin ba.

Kama gurbin bai ba ni wahala ba, amma saƙon da suka turo na inda za a haɗu shirme ne, kawai suka ce gaban ginin tunawa da Lincoln, to gaban nan ai ya kai filin Idi girma, ga mutane kamar ƙasa, sai da na yi minti goma sha biyar ina bulayi kafin na hango wani dattijo riƙe da ƙaramar tuta. Mu goma sha ɗaya ne. Ba na'urar kunne ba lasifika, in ka tsaya a baya to rabin maganar iska ta tafi da ita, kuma jirage suna ta wucewa ta saman kogin Potomac kusan kowane lokaci. Ni dai na manne masa.

A matakalar Lincoln ya fara, ya nuna mana gadar da ta tsallaka zuwa Arlington ya ce a nan dubban masu zanga-zanga suka taru ranar 21 ga Oktoba 1967 suka taka har Pentagon, hedkwatar sojojin Amurka. Daga nan ya koma baya. Abin da ya burge ni shi ne bai ɓata lokaci kan bindiga kaza jirgi kaza ba, kai tsaye ya tafi kan yadda aka shiga yaƙin. Agusta 1964 aka ce jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun kai wa na Amurka hari a mashigin Tonkin, hari na biyun ma daga baya ta bayyana kusan babu shi kwata-kwata, amma cikin kwanaki majalisa ta miƙa wa shugaba Johnson wuƙa da nama. Majalisar wakilai 416 ba ko mutum ɗaya da ya ƙi, ta dattawa 88 da 2. Biyun nan Wayne Morse da Ernest Gruening ne. Ba a taɓa shelanta yaƙin a hukumance ba, amma Maris 1965 sojojin ƙundumbala suka sauka Da Nang, zuwa 1968 sojojin Amurka sun haura rabin miliyan a can, duk da sunan kar gurguzu ya cinye Biyetnam ta Kudu sauran maƙwabta su bi layi.

Sai muka gangara bangon. Ni na sha ganinsa a hoto ban ɗauke shi komai ba, ashe hoto ƙarya yake. Baƙin dutse ne mai sheƙi, yana farawa daidai idon sahunka, kana tafiya hanyar tana yin ƙasa shi kuma yana yin sama har ya wuce kanka nesa, ko'ina sunaye, sama da 58,000, kuma kana karantawa kana ganin fuskarka a ciki. Ba a jera su da harafi ba, ba a sa muƙamin kowa ba, da ranar da mutum ya mutu ko ya ɓace aka bi, don haka waɗanda suka mutu tare suna kwance tare a jikin dutsen. Jagoran ya nuna mana 'yar alamar da ke gefen kowane suna, mai siffar lu'ulu'u an tabbatar ya mutu, mai kamar alamar tarawa ba a ga gawarsa ba. Mata takwas ne a ciki, duk ma'aikatan jinya. Wata ɗaliba ce 'yar shekara 21 a jami'ar Yale, Maya Lin, ta zana shi, aka buɗe 1982, kuma ko shi ma sai da aka yi rigima, wasu suka ce wannan ai rami ne na kunya ba girmamawa ba, shi ya sa a 1984 aka ƙara mutum-mutumin sojoji uku a gefe don a huce. Har abin tunawar ma Amurkawa ba su haɗu a kai ba.

Nan ne dattijon ya ci kuɗinsa. Ya tsayar da mu wajen sunayen 1968 ya ce ku duba yawan allunan da shekara ɗaya ta cinye. Ƙarshen Janairun shekarar aka yi harin Tet, 'yan gurguzu suka afka wa garuruwa da yawa lokaci guda har harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu, a fagen daga an mayar da su baya da asara mai yawa, amma a gida mutane sun gani a talabijin bayan an daɗe ana ce musu nasara ta kusa. Shi kenan yarda ta tafi. 31 ga Maris Johnson ya fito ya ce ba zai sake tsayawa takara ba, mutumin da ya lashe zaɓen 1964 da gagarumin rinjaye fa. Afrilu aka kashe Martin Luther King, wanda shekara ɗaya cif kafin nan ya fito fili ya soki yaƙin a wani coci a New York. Yuni aka harbe Robert Kennedy, mai neman takarar shugaban ƙasa. Agusta 'yan sanda suka yi ta jibgar masu zanga-zanga a Chicago wajen babban taron jam'iyyar Democrat ta su Johnson, jam'iyyar ta dare, Nixon ya zo ya ɗauke kujerar.

Maganar ɗibar soja ta dole ce ta fi tsaya min. Ɗan mai hali ya shige jami'a a ɗaga masa ƙafa, ɗan talaka a kwashe shi. Da surutu ya yi yawa sai 1 ga Disamba 1969 aka koma ƙuri'a, ranakun haihuwa 366 aka zuba a kwalba ana zarowa kamar masu fitar da kwasar adashe, ta farko da ta fito 14 ga Satumba, in ranar aka haife ka to haɗa kayanka. Da ya ambaci Muhammad Ali sai na ji kamar an taɓo ɗan gida, don mu tun muna yara sunan nan muke ji a bakin iyayenmu. Afrilu 1967 a Houston aka kira sunansa ya ƙi matsowa, aka ƙwace kambunsa aka hana shi dambe sama da shekara uku, sai 1971 kotun ƙoli ta soke hukuncin. Ya kuma kawo maganar jami'ar Kent State, 4 ga Mayu 1970, inda dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai huɗu bayan Nixon ya faɗaɗa yaƙin zuwa Kambodiya. Na lura bai ce komai ba kan ɗalibai biyu baƙar fata da aka kashe a Jackson State kwana goma sha ɗaya bayan nan, sai da wata mata a cikinmu ta tuna masa.

Dama can na fara jin wani abu na damuna. Awa ɗaya da rabi muna tafe, duk lissafin na Amurkawa ne. Na ɗaga hannu na ce ranka ya daɗe, su mutanen Biyetnam fa, nawa suka mutu? Ya ce miliyoyi, ya ambaci kisan kiyashin da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai a Maris 1968 a jimla biyu, ya wuce. Na san taken zagayen siyasar cikin gida ne, ban ce ya canza ba, amma ai labarin My Lai da ya fasu a 1969 yana cikin abubuwan da suka juya zukatan Amurkawan kansu, to ta yaya za a ba shi jimla biyu? In da za a yi wa mutanen can irin bangon nan ban san inda zai tsaya ba.

Daga nan aka ja mu a ƙafa zuwa ginin Watergate, tafiyar kusan minti ashirin cikin rana, ba wanda ya gaya mana mu zo da ruwa. Kuma lokaci ya ƙure masa sai ya shiga gudu da baki. Abin haushi nan ne zaren ya fi daɗi: Daniel Ellsberg, wani tsohon ma'aikacin Pentagon, ya fitar da takardun sirrinta a 1971 waɗanda suka nuna gwamnatoci sun daɗe suna ɓoye wa jama'a gaskiyar yaƙin, fadar Nixon ta kafa 'yan toshe yoyon sirri, suka fasa ofishin likitan Ellsberg, wasu daga cikinsu ne kuma suka kitsa fasa ofishin Democrat a ginin nan a Yuni 1972, har abin ya kai Nixon ga murabus a Agusta 1974. Duk wannan minti biyar ya ba shi. Rage shekarun zaɓe zuwa 18 a 1971, daina ɗibar dole a 1973, da dokar da majalisa ta yi a 1973 duk da Nixon ya hau kujerar na ƙi, wadda ta ce shugaba ya sanar da ita cikin awa 48 in ya tura soja kuma kwana 60 gare shi in ba ta amince ba, duk a tsaye ya jero su yana kallon agogo.

Tauraro uku da rabi na ba su cikin biyar. Dattijon ya san abinsa kuma ba ya ɓoye inda gwamnatinsu ta yi ƙarya, tsarin kamfanin ne sai a hankali. In ka riga ka karanta tarihin sosai ajiye kuɗinka, sauka a tashar jirgin ƙasa ta Foggy Bottom ka taka da kanka. In kuma irina ne da ka san sunan yaƙin kawai da Muhammad Ali to biya, amma ɗauki na safe, sa takalmi mai daɗin tafiya, riƙe gorar ruwa, kuma ka tsaya kusa da shi. Ni washegari da yamma na ja Yaya muka koma bangon mu biyu, shekararsa tara a garin ashe bai taɓa gangarawa ba.