Kafin ka sayi ƙwayoyin rage suga ko ka koma cin nama zalla

Watan jiya na raka Baffana kasuwar Wunti, da niyyar ya sayi ƙwayoyin rage suga da wani abokinsa ya yaba masa. Shekara shida ke nan yana shan metformin, maganin ciwon suga na asibiti. Abokin ya kuma ba shi shawarar ya yi sallama da tuwo da shinkafa, ya koma nama zalla. Na ce, "Baffa, mu duba kowanne tukuna kafin kuɗin nan su fita."

Abin da ya cika kantuna shi ne berberine, kirfa, hulba da garin zogale. Berberine, wani sinadari da ake cirowa daga tsirrai, ya fi su ƙarfi, yana sauke suga kam, amma yakan ɓata ciki, kuma yana karo da wasu magungunan asibiti. Mai juna biyu da mai shayarwa ba sa shan sa. Kirfa tasirinta kaɗan ne, kuma irin wadda ta fi yawa a kasuwa tana ɗauke da sinadarin kumarin, mai wahalar da hanta idan ana dirkarta kullum. Ni hulba na fi natsuwa da ita: ga arha, ga shi tana rage saurin shigar suga cikin jini bayan an ci abinci, sai dai warinta yana fita a gumi. Zogale kuwa, kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ya fi wanda aka ɗura a kwalba aka tsawwala masa kuɗi.

A duba lambar NAFDAC, amma a kan maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Wanda ke shan ƙwayar ciwon suga ta glibenclamide ko yake allurar insulin ya kiyaye sosai. Idan ya haɗa da waɗannan na kanti, suga na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwaji, sai karkarwa da zufa mai sanyi da jiri, wani har ya suma.

Nama zalla zai sauke suga, tunda babu sitaci a cikinsa. Amma babu harza irin ta ganye da wake, don haka bayan gida yakan yi tauri, kuma mugun kitsen jini yakan hau, alhali mai ciwon suga dama zuciyarsa na cikin haɗari. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙoda. Ciwon suga yana cin ta a ɓoye, sai a ƙara mata lodin nama safe da yamma, da gishirin tsire da kilishi. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji.

Ranar dai na'urar gwajin suga muka saya. Mun fara tambayar kuɗin tsinken gwajinta da ko ana samun sa a Bauchi, domin shi ne ake ta saye, na'urar sau ɗaya ce. Muka ƙara da mudun wake da acca ta wajen Bogoro, ita ma da awo za a ci, sitaci ce. Baffa ya sayi hulba ya ƙulle a leda, ya ce sai ya nuna wa likitansa ranar Talata kafin ya jiƙa ta.