Sharhi kan akwatin D&D na masu farawa: ado ko abin da ke ciki?

Akwatin Dungeons & Dragons na masu farawa, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, wani ɗan'uwana ne ya taho mini da shi daga Ingila, kuma mun daɗe muna buga shi a zauren gidanmu a Gwale duk Asabar bayan La'asar. Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa dayis a ga ko abin ya yiwu. Ba a sa ko sisi. Na faɗi haka ne don Baba ma da ya ga dayis sai da ya tsaya ya bincika.

A ido, kayan ciki ba su taka kara sun karya ba. Littafin dokoki mai shafi 32, littafin labari mai shafi 64 mai suna Lost Mine of Phandelver, takardun jarumai biyar da aka riga aka cike, da dayis shida, har da mai fuska 20. Babu 'yan mutum-mutumi, babu babbar taswirar shimfiɗawa. Littattafan ma sirara ne.

Amma labarin ya san inda yake kama mutum. Wani wada ne ya ɗauke ku aikin rakiyar amalanken kaya daga birnin Neverwinter zuwa ƙauyen Phandalin. Kuna cikin tafiya sai ga dawakai biyu matattu a tsakiyar hanya, kibiyoyi a jikinsu. Ina gama faɗin haka da Hausa zauren ya yi tsit. Ƙanena ya matso ya ce, "Yaya, kada kowa ya sauka tukuna, bari in leƙa cikin dajin nan." Ba hoto na nuna masa ba. Dawakan nan da tambayar wa ya harbe su ne suka tsayar da shi. Haka abin yake ci gaba: a ƙauyen akwai 'yan daba da suka addabi jama'a, kusan duk wanda ka yi magana da shi yana da buƙatarsa, kuma 'yan wasa ne ke zaɓar ta inda za su fara. Kakarmu ba ta taɓa nuna mana hoton Gizo ba, amma har yau muna ganinsa.

Daga baya na sayi wani littafin wasa na daban, ba zan kama suna ba, mai kauri da bango mai ƙyalli, kowane shafi zane kamar a rataye a bango. Kuɗinsa ya fi na akwatin nan nesa. Rubutun fari ne ƙanana a kan baƙin shafi. Ranar da aka ɗauke wuta, ina haska shi da fitilar waya ina neman dokar faɗa guda ɗaya, ina juya shafi ina komawa, har abokaina suka shiga hirar ƙwallo. Labarin da na gina ya huce a hannuna, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa tsari ba komai ba ne. Akwai ado, akwai kuma tsari. A littafin Phandelver an ware abin da za a karanta wa 'yan wasa a cikin ɗan akwatin rubutu a kan shafi, gajere, yadda ina dubawa sau ɗaya zan juya shi zuwa Hausa ba tare da na yi in'ina ba. Ɗakunan kogon da ke labarin suna da lamba a taswirar cikin littafin, lambar kuma ita ce a kan bayanin. Wannan shi ne ke taimakon mai jan labari, kuma shi nake nema yanzu kafin in dubi zane. Asalin wasan ma da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 'yan ƙananan littattafai uku ne masu zane na jeka-na-yi-ka, a haka ya bazu.

Labarin yana kai jarumai daga mataki na 1 zuwa na 5 na ƙarfi da ƙwarewa, ya ishe ku zama masu yawa. Wanda zai ja shi sai ya iya Turanci daidai gwargwado, sauran kuwa Hausa ta wadatar. Ku yi hoton takardun jaruman a shagon kwafi kafin ku fara, ku riƙa rubutu da fensir.