Ruwan inabi da barasa mai ƙarfi a cikin firiza: me ya sa ɗaya ya daskare, ɗaya ta ƙi?

Wani ɗan'uwanmu a wannan zaure, wanda yake kula da sito a wani gidan abinci a unguwar Adum da ke Kumasi, ya yi tambaya jiya da dare. An manta da kwalabe biyu a cikin firiza, ɗaya ta ruwan inabi, ɗaya ta barasa mai ƙarfi da ake kira jin (gin), da gari ya waye sai aka tarar ruwan inabin ya zama ƙanƙara har ya turo toshiyarsa waje, jin kuwa yana nan ruwa kamar ba a sa shi ba. Ya ƙara da cewa abokin aikinsa ya ce masa sanyi yana kashe ƙarfin giya. Malam, ni ba na shan waɗannan abubuwa, amma gyaran firij ne sana'ata a nan Kumasi, kuma na sha kwashe fasassun kwalabe daga injinan otal, don haka zan faɗi abin da na sani.

Kowace giya gauraye ce ta ruwa da sinadarin da ke sa maye, wato itanol. Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Celsius, shi kuwa itanol zalla sai sanyi ya kai wajen digiri 114 ƙasa da sifili, alhali firizar gida ko ta shago yawanci a digiri 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Saboda haka gwargwadon yawan itanol a cikin kwalba, gwargwadon wuyar daskarewarta.

Ruwan inabi yakan ƙunshi kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari na itanol, yana kuma fara daskarewa a wajen digiri 6 ƙasa da sifili, wanda firiza ta wuce shi nesa ba kusa ba. Da yake ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara, dole ya nemi mafita, ko dai ya turo toshiya, ko ya tsaga kwalba. Idan ya narke, akan ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar gishiri a gindin kwalbar, waɗanda mutane kan ɗauka ɓarbashin gilashi ne, alhali gishirin tsamin inabin ne da sanyi ya fitar. Jin, wiski da bodka kuwa suna da kashi 40, kuma sai sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili kafin su fara daskarewa, shi ya sa a firiza sai dai su yi kauri kaɗan kamar man gyaɗa. Akpeteshie ma, barasar gargajiya ta Ghana da ake tacewa daga bammi ko rake, a wannan sahu yake, in dai ba a tsinka shi da ruwa ba.

Mafi haɗari a wurina ita ce kwalba mai iska. Giyar kwalba ta yau da kullum kashi 5 kawai gare ta, tana daskarewa a digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili, ga kuma iskar gas da aka matse a ciki, balle shamfen wadda matsin da ke cikinta ya ninka na tayar mota. Na taɓa buɗe wata firiza a wani otal na iske tsinin gilashi ya huda bututun sanyi, gas ɗin injin duk ya tsere, kuma kuɗin gyaran ya fi kuɗin kwalaben. Malta da lemon kwalba su ma haka suke fashewa, ko da yake babu maye a cikinsu.

Maganar abokin aikinka ce ta fi damuna, domin kuskure ne da zai iya ruɗar Musulmi. Sanyi ba ya fitar da itanol ko kaɗan. Ruwan ne yake fara zama ƙanƙara, abin da ya rage bai daskare ba kuwa ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Da wannan dabara ce ake yin wata giya mai ƙarfi da ake kira Eisbock a Jamus, inda ake daskarar da giya a cire ƙanƙarar. Idan aka bar kwalba ta narke gaba ɗaya, ƙarfinta yana komawa daidai yadda yake tun farko, ɗanɗano da iska ne kawai suke raguwa. Bammi da fito ma sanyi yana dakatar da tsiminsu ne na ɗan lokaci, da zarar sun ji ɗumi sai su ci gaba.

A sitonku, ruwan inabi wuri mai sanyi da duhu yake so, wajen digiri 12 zuwa 14, a kwantar da masu toshiya don kada ta bushe. Idan ka sake tarar da kwalba ta daskare, kada ka zuba mata ruwan zafi, ka ɗauke ta da tsumma mai kauri ka sa a ƙasan firij cikin roba ta narke a hankali, ka kuma riƙa duba firizar bayan kowane dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, domin narkewa da sake daskarewa ne yake sassauta toshiya har iska ta shiga.