Jidda ko Cape Town: ina Bakatsine zai fara nutso?

Ƙanena, da ya koyi iyo a dam ɗin Zobe, yana son nutso da tukunyar iska. Wuri biyu na duba masa.

Jidda ta fi sauƙi. Ruwan Bahar Maliya mai ɗumi ne, garai-garai, ga murjani. Cibiyoyin horo ke haɗa mutum da abokin nutso.

Cape Town kuwa, ruwan ɓangaren Atlantika yakan sauka har digiri 10. Dole sai rigar roba mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu, kuma sanyi na sa iska saurin ƙarewa. Amma wallahi dajin ciyawar tekun can yana jan raina.

Na ce masa: ƙanena, fara da Jidda, kada kuma ka shiga kai kaɗai.