Magana Jari Ce ko Littattafan Kasuwar Kano?

Malamai kan fifita Magana Jari Ce, kuma ban ga laifinsu ba. Abubakar Imam ya daka Hausa ta daku: karin magana, barkwanci, aku na zuba labari dare bayan dare. Har gobe ɗalibai na koyon sarrafa harshe a cikinsa.

Littattafan da suka cika kasuwar Kano tun shekarun 1980 ba su kai shi gogewa ba, wasu ma kurakurai fal. Amma ba na yarda a raina su, domin su suka shigar da karatu ɗakunan mata. Na ga yayata tana karanta ɗaya da fitilar ƙwai har asuba. Auren dole, kishiya, saki: abin da Balaraba Ramat Yakubu, ɗaya daga cikin marubutan waɗannan littattafai, ta rubuta, matan unguwarmu sun san shi ciki da bai.