Saitin tafet: Peugeot 504 da Volkswagen Beetle ba ma'auni ɗaya ba ne

Wani ɗan'uwa ya tambaya: yana da 504 mai shan fetur, haɗin Kaduna, ya kuma sayi tsohuwar Beetle 1600, makanikinsa ya ce zai saita musu tafet da ma'auni ɗaya. Shin hakan ya yi?

Malam, bai yi ba. A ido aikin iri ɗaya ne: ka sassauta noti, ka juya sukuru, ka zura filageji (siririn ƙarfen auna rata) tsakanin roka (ƙarfen da ke danna bawul) da kan bawul don daidaita ratar da ke tsakaninsu, ka ɗaure. Duka biyun kuma sai inji ya yi sanyi ƙalau, an fi so motar ta kwana ba a tayar ba. Daga nan kowacce ta kama hanyarta.

A 504 mai inji 1971 cc, ratar bawul ɗin shigar mai 0.10 mm ce, ta na fitar hayaƙi 0.25 mm. Na hayaƙi su ne jeren da ke ɓangaren salansa. A Beetle 1600 kuwa duka takwas ɗin 0.15 mm ne, na hayaƙi su ne biyun da ke gefe-gefe a kowane kan silinda, na mai suna tsakiya. Idan aka sa wa 504 ma'aunin Beetle, bawul ɗin hayaƙinta ya matse da 0.10 mm, kuma wannan kaɗai zai iya ƙone shi.

Ga dalili. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Inji na ɗaukar zafi ƙarfe zai miƙe, ratar ta ragu. In ratar ta ƙare, bawul ba ya rufuwa sosai, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta ci bakin. Alamarsa: silo yana rawa, mota ba ƙarfi, wani lokaci da tari ta kafireta ko harbi ta salansa. In rata ta yi yawa kuwa, ƙara za ka ji, kas-kas-kas, ƙarfi ya ɗan ragu, roka ta riƙa cinyewa a hankali. Tsakanin biyun gara mai ƙara. Makanikin da ke matse tafet don inji ya yi shiru, kunnen mai mota ya faranta wa, injin kuma ya cuce shi.

Wajen juya inji ma sun bambanta. A 504 daga sama kake aiki, a tsaye. Cire fulogogi don inji ya yi sauƙin juyawa, ka buɗe murfin rokoki. Wutarta, wato jerin yadda silinda ke kama wuta, 1-3-4-2 ce, Peugeot kuma daga ɓangaren giya take fara ƙidayar silinda. Juya har bawul ɗin hayaƙi na 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai ka saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4. Na hayaƙi na 3 ya buɗe: na mai 4, na hayaƙi 2. Na 4 ya buɗe: na mai 2, na hayaƙi 1. Na 2 ya buɗe: na mai 1, na hayaƙi 3. Juyi huɗu, rabin zagaye kowanne, an gama. Ko ka ƙidaya daga gaba lissafin zai fito daidai, muddin ba ka sauya a tsakiyar aiki ba.

Beetle ba ta yarda da wannan sakacin ba, kuma a kwance za ka yi mata aiki, ta gefen tayoyin baya. Silinda 1 tana dama ta gaba, 2 dama ta baya, 3 hagu ta gaba, 4 hagu ta baya, wutarta 1-4-3-2. Cire hular distiributa, ka juya fuli har rota ta kalli ɗan tsagin da ke bakin distiributar, alamar fuli kuma ta zo daidai da layin da ya raba jikin inji biyu. Ture wayar da ta riƙe murfin rokoki da sukudireba, ka taɓa rokokin silinda 1: duka biyun su yi ɗan motsi. Sifana 13 ce ke kama notin a yawancinsu. Ka gama, sai ka juya inji baya, akasin tafiyar agogo, rabin zagaye, ka yi 2, haka 3, haka 4. Ja layin alli a kishiyar alamar fulin don kada ka yi ta kintace.

Wurin da nake so ka fi sa ido shi ne bawul ɗin hayaƙi na silinda 3. Iska ce ke sanyaya Beetle, ba ruwa ba, kuma a injunan da suka riga 1971 na'urar sanyaya baƙin mai tana tsaye ne a hanyar iskar da za ta je wa wannan silindar. Ko a waɗanda suka biyo baya ma, a zafin Afrilu da lodi, nan ne aka fi samun ɓarna. Auna ratar kafin ka taɓa noti, ka rubuta. Idan duk zuwa kana tarar da ita ta ragu, bawul ɗin yana miƙewa ne ko mazauninsa na nutsewa. Sauke kan silindar tun kafin kan bawul ya tsinke ya faɗa wa fistin. Shi ya sa ake duba na Beetle duk kilomita 5,000, tare da juyen baƙin mai. 504 tana da haƙuri fiye da haka, sai dai in an sauke mata kan silinda: bayan kamar kilomita 1,000 a sake ɗaure kusoshin kan, sannan a sake saitin, don ɗaurin yana canza ratar.

A kan kowaccensu, filageji ya wuce da ɗan ja, ba da tursasawa ba. Riƙe sukurun da sukudireba lokacin ɗaure noti, ka sake aunawa bayan ɗaurin, domin sau da yawa notin kan ja sukurun ya tafi da shi. Duba fuskar rokar da ke dukan kan bawul: in ta yi rami, filageji zai haye ramin ya nuna maka daidai alhali ratar ta fi haka, sai a gyara fuskar ko a sauya. Ga Beetle ka tanadi sabbin gasket biyu na murfi kafin ka fara, tsohon in an mayar da shi yoyo yake yi a kan bututun salansa.