Clara Bow ta burge ni, amma fim ɗin It bai yi mata adalci ba

Ban yi zaton fim ɗin da aka yi tun 1927, wanda babu muryar kowa a cikinsa kuma babu launi sai baƙi da fari, zai iya riƙe mutanen gidanmu har ƙarshensa ba tare da wani ya janyo wayarsa ba, amma abin da fim ɗin It ya yi ke nan. Kamfanin Paramount ne ya fitar da shi a Amurka a farkon shekarar 1927, Clarence Badger ya ba da umarni, Clara Bow da Antonio Moreno suka fito a matsayin masoyan. Tsawonsa minti 72 ne kacal. Wannan mata ta ba ni mamaki ƙwarai, kuma ban tuna ranar da na ga jarumar da ta mamaye fim gaba ɗaya kamar yadda ta mamaye wannan ba.

Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya saba kallon fina-finan soyayya. Betty Lou Spence yarinya ce 'yar talakawa da ke sayar da kaya a katafaren kantin Waltham, ta ƙyalla ido ta ga Cyrus, ɗan mai kantin da aka damƙa wa ragamar harkar, ta kuma ƙudura a ranta cewa sai ta same shi. Shi bai ma san tana yi ba, domin yana da Adela, 'yar masu kuɗi irinsa. Abokinsa Monty, wanda William Austin ya fito a matsayinsa, shi ne ya karanta rubutun marubuciya Elinor Glyn a mujallar Cosmopolitan game da wani irin farin jini da ke fizgar zuciyar mutane, wanda ta kira "It", ya bi 'yan matan kantin ɗaya bayan ɗaya yana neman mai shi, har ya tsaya a kan Betty ya gayyace ta cin abincin dare.

Daga nan ne na fara gyara zama. Betty ta ce sai dai a kai ta otal ɗin Ritz, saboda ta san can Cyrus zai je, alhali ba ta da kayan zuwa irin wannan wuri. Sai ta koma ɗan ɗakin da take haya tare da ƙawarta Molly, suka ɗauko almakashi, rigar aikin tana jikinta aka shiga yanke wuya da hannuwa, har rigar kanti ta koma ta fita biki. Abin da ya kama ni shi ne yadda fuskarta ke sauyawa a cikin 'yan daƙiƙu, daga tsoron kada almakashin ya taɓa fatarta, zuwa zumuɗi, zuwa duban kanta da alfahari, kuma a tsakiyar wannan hidima ba ta manta da jaririn Molly ba, tana yi masa wasa da fuska don ya yi dariya. Ƙanwata ce ta ɗauki nauyin karanta rubutun Turancin da ke fitowa tsakanin hotuna tana fassara wa Goggo, kamar yadda aka saba jin mai fassara a fina-finan Indiya, amma ba a yi nisa ba Goggo ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ke 'yar nan, huta abinki, ai idon yarinyar ya riga bakinki faɗa." Gaskiyarta ce, domin rubutun kan zo ne bayan mai kallo ya riga ya gane abin da ke ranta.

Fitowar da ta sa na zauna rubuta wannan sharhi tana tsakiyar fim ɗin. Molly ba ta da lafiya, ba ta iya zuwa aiki, ba ta da miji a tare da ita, Betty ce ke riƙe da ita da ɗanta da ɗan albashin kanti. Wasu mata biyu na ƙungiyar jin ƙai suka zo ɗaukar jaririn, bisa hujjar cewa uwar ba ta da halin kula da shi. Molly ta ƙanƙame ɗanta tana kuka, maƙwabta sun taru, ga ɗan jarida tsaye yana rubutu, wanda jarumi Gary Cooper ne tun kafin duniya ta san shi. Betty ta shigo ta tarar da wannan hali, ta karɓe yaron ta rungume shi, ta dubi matan ta ce nata ne, kuma tana da aikin da za ta ciyar da shi. Duk wanda ya san abin da ake cewa game da budurwar da aka gani da ɗa babu aure, a Amurka ta wancan lokaci ko a unguwarmu yau, ya san abin da ta saka a wuyanta. Ta ba da mutuncinta, wanda shi kaɗai ta mallaka, domin kada a raba uwa da ɗanta, kuma ta yi hakan ne a gaban Monty, aminin mutumin da take so ta aura.

Clara Bow ba ta yi wannan fitowa da koke-koke ko ɗora hannu a ka ba. Ta tsaya ƙyam, haɓarta a sama, idanunta na huci, ta nuna wa matan ƙofa. Yarinyar da minti kaɗan kafin nan take tsalle-tsalle a filin wasannin Coney Island, tana ƙyalƙyala dariya a kan lilo, ita ce ta koma mace mai kwarjini da ba a iya haɗa ido da ita, kuma ban ga wurin ɗinki tsakanin halayen biyu ba. Ɗakinmu ya yi tsit. Uwargidana ta ce a mayar da wurin baya, aka mayar, kuma a kallo na biyu ne na lura cewa bayan matan sun fita ba ta tsaya tunanin abin da ta jawo wa kanta ba, hankalinta yana kan Molly. A wannan lokaci da an tambaye ni, da na ce fim ɗin nan ba shi da aibi.

Sai dai abin da ya biyo baya ya ɓata mini rai, kuma har yanzu idan na tuna sai in ji haushin ya dawo. Labarin ya fito a jarida, Monty ya kai wa Cyrus, shi kuwa Cyrus bai kira yarinyar ya tambaye ta ba, bai bincika ba, ya yanke hukunci a zuciyarsa. Da ta shigo ofishinsa cike da murna tana zaton maganar aure za a yi, sai ya yi mata tayin kayan ado da sutura da duk abin da take so, amma ban da aure. A taƙaice, yana so ya ajiye ta. Ta fahimci nufinsa, fuskarta ta faɗi, ta bar masa ofishin ta kuma bar aikin baki ɗaya, alhali mutum uku ne ke ci daga wannan albashi. Goggo ta yi tsaki ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ga shi ƙarya ce. Na sa ran fim ɗin zai sa wannan mutum ya ɗanɗana kuɗarsa, amma sai aka kwashe mu aka kai mu jirgin ruwansa na shaƙatawa domin a ci gaba da barkwanci.

A nan ne ra'ayoyinmu suka rabu. Uwargidana tana ganin Cyrus ya wanke kansa, saboda lokacin da ya nemi auren Betty a cikin jirgin bai san gaskiyar maganar jaririn ba, wato ya amince ya aure ta a yadda yake zaton take. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Ƙanwata kuwa abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ramuwar Betty, wadda ta shiga jirgin da sunan ƙarya, ta ja shi har ya furta, sa'annan ta yi masa dariya ta ce gara ta auri masinjan ofishinsa. "Yaya, ai ta rama, me kuma kake so?" in ji ta. Abin da nake so shi ne a ba wa neman gafara haƙƙinsa. Mutum ya ci zarafin mace irin wannan, ya raba ta da abincinta, kamata ya yi a tsaya a nuna shi yana jin nauyin abin da ya aikata. Maimakon haka, da ya san gaskiya sai aka bar Monty da tuƙin jirgi, ya yi karo da kwalekwalen masunta, Betty da Adela suka faɗa ruwa, hayaniyar ceto ta haɗiye komai, aka ƙare da masoyan biyu a maƙale jikin angar jirgi suna murmushi. Ko a ruwan ma Betty ce ta ceto kishiyarta, bayan ta ɗirka mata naushi don ta daina kokawar da za ta nutsar da su duka, wanda ya sa ɗakin ya ɓarke da dariya, ni ma na yi, amma dariyar ba ta biya bashin ba.

Wani abin takaicin shi ne Molly da ɗanta, waɗanda dominsu aka yi duk wannan sadaukarwa, sun ɓace daga labarin da zarar an hau jirgi. An yi amfani da ciwonta da talaucinta an ƙulla rikicin, sa'annan aka watsar da ita. Na so in san wanda ya biya kuɗin hayar ɗakin bayan Betty ta bar aiki.

Game da Antonio Moreno kuwa, babu wanda ya tsaya masa a cikinmu. Haifaffen Madrid ne na ƙasar Sifen, yana dab da shekara 40 lokacin da aka yi fim ɗin, ita kuma tana da 21, kuma tazarar ta fito fili a yadda suke motsi. Kyakkyawa ne, gashin bakinsa a gyare, kwat ɗinsa ta zauna, amma a gefen Clara Bow sai ya zama kamar turmi a tsakar gida, kowa na kai da kawo shi yana nan inda aka ajiye shi. Na kasa gane abin da yarinya mai wannan rai ta gani a jikinsa in ban da kyan fuska da kanti. William Austin ya fi shi sa mu dariya nesa ba kusa ba, duk da cewa yakan wuce gona da iri wajen zare ido. Ita ma Elinor Glyn da aka shigo da ita da kanta a otal ɗin Ritz don ta yi bayanin ra'ayinta, ba ta ƙara komai ba sai tsaiko, kuma fitowar ta fi kama da tallan mujalla.

Dole in yi ƙorafi a kan kwafin da na fara samu a intanet. Tunda fim ɗin ya fita daga haƙƙin mallaka a Amurka a farkon 2023, kowa na ɗora irin nasa, kuma wanda na fara buɗewa an liƙa masa wani kiɗan fiyano guda ɗaya da ke maimaita kansa ba tare da la'akari da abin da ke faruwa ba, ana ƙoƙarin ƙwace jariri kiɗan yana ta annashuwa. Hoton ma ya dushe har fuskoki sun zama farare fat, kuma a fim ɗin da fuska ce harshensa, wannan asara ce babba. Sai da na ƙona data na nemo wani mai tsabta wanda kiɗansa ke bin labarin. Fim marar magana rabinsa kiɗa ne, domin ko a zamaninsa ana nuna shi ne da makaɗa a cikin sinima. Duk da haka na gode da ya iso gare mu ma, domin an daɗe ana zaton ya salwanta kamar yawancin fina-finan wancan zamani, sai a shekarun 1960 aka gano kwafinsa a birnin Prag, kuma a 2001 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

Masu kallo na 1927 sun yanke hukunci irin na gidanmu, wato sun ɗauki jarumar sun bar jarumin. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, sunansa ya zama laƙabinta har ƙarshen rayuwarta, kuma a watan Janairun 1929 kaɗai ta samu wasiƙun masoya sama da 45,000. Ina ganin 'yan matan kantuna da ofisoshi sun ga kansu a jikinta ne, kuma ba a banza ba. An haife ta a 1905 a unguwar Brooklyn ta birnin New York cikin matsanancin talauci, mahaifiyarta na fama da taɓin hankali, ta shigo harkar fim ta hanyar gasar wata mujalla da ta lashe a 1921. Wadda ta tashi a irin wannan gida ta san ɗakin haya da maras lafiya a kwance, shi ya sa fitowarta da Molly ta fi duk wata fitowar soyayya a fim ɗin gaskiya. A shekarar da It ya fito ta kuma fito a Wings, wanda ya zama fim na farko da ya lashe babbar kyautar Oscar, amma a 1933 ta bar harkar tana da shekara 28, bayan jaridu sun yi ta yayata ƙazafi a kan rayuwarta, ta rasu a 1965. Sanin wannan ya ƙara mini jin zafin wurin da aka yi wa Betty mummunan zato saboda abin da jarida ta buga.

Wanda zai kalla ya nemi kwafi mai hoto garau da kiɗan da aka tsara domin fim ɗin, ya kuma samu wanda zai karanta rubutun ga waɗanda ba sa jin Turanci, ko da yake ba za a buƙace shi sosai ba. Akwai 'yan wuraren da shigar matan da wasannin filin shaƙatawa ba su dace da ƙananan yara ba, don haka kallon manya ne. Zan sake kallonsa saboda Clara Bow, musamman daga yankan riga zuwa ranar da ta bar ofis, amma kashi na ƙarshe na cikin jirgi bai gamsar da ni ba, kuma har yau ni da uwargidana ba mu daidaita a kan ko Cyrus ya cancanci Betty ba.